Ranar da Dakta Habibu ya fitar da Alhaji Tanimu

Shekara biyu ke nan da rasuwar abokina Dakta Habibu, malamin koyar da aikin jarida a nan Doha. Na so in tuna shi cikin natsuwa, wayata ta hana. Gasar cin kofin duniya ta cika Corniche, titin bakin teku, da baƙi, mu kuwa Hausawan garin mun koma gardamar zaɓen shugaban Amurka, alhali ko 'yan takara ba a tsayar ba.

Habibu ne ya buɗe mana zaure a waya lokacin da annoba ta sa aka rufe Industrial Area, unguwar ma'aikata, domin direban da abincinsa ya ƙare, ko mai gadin da aka kwantar a asibiti, ya faɗa a kai masa ɗauki. Sai zaɓen Amurka na waccan shekarar ya zo, ƙirgar ƙuri'un da aka aika ta gidan waya ta ja lokaci. Mutanenmu suka zauna jiran shugaban hukumar zaɓe ya fito a talabijin, farfesoshi suna karanto sakamako jiha-jiha, kamar yadda muka saba a gida. Da suka ga 'yan jarida ne ke cewa wane ya ci jiha kaza, suka ce an yi maguɗi.

Habibu ya yi ta bayani cewa can kowace jiha ke ƙirga nata, kafofin labarai kuma sun daɗe suna haɗa alƙaluma su faɗi wanda ya ci. Bai wanke su ba. Ya kawo jaridar Chicago da ta ba wanda ya faɗi nasara a 1948, da gidajen talabijin da suka sanar da wanda ya ci jihar Florida a 2000 suka dawo suka janye. So yake mu bambanta gaggawar ɗan jarida da satar ƙuri'a. Ba wanda ya saurara. Bidiyo ya cika zauren, har wani direba ya nemi a kai masa magani, saƙonsa ya nutse sai washegari aka gani.

Nan Habibu ya kafa doka: labarin zaɓe, sai da majiya. Wanda ya fara takawa shi ne Alhaji Tanimu, dattijon direbobin yankin Umm Salal. Ya turo labarin wai an ƙone ƙuri'u, Habibu ya fitar da shi, sai ga kiransa.

"Dakta, ni za ka fitar? Ina Doha kana firamare!"

"Allah ya huci zuciyarka, Baba Alhaji. Wa ya ce maka an ƙone ƙuri'un?"

"Ɗan ƙanwata. A Amurkar yake!"

"Ya gani da idonsa?"

"Shi ma turo masa aka yi. Khalas, shi ke nan, riƙe zaurenka."

Alhaji ya buɗe nasa, yawancin mutane suka bi shi. Ba a jima ba annobar ta ɗauke Habibu, riƙon zauren ya dawo hannuna.

Da yana raye, na san abin da zai ba shi haushi. Mutanen da ke kukan jaridun waje sun yi wa Qatar kuɗin goro a wannan gasar, su ne ke haɗiye duk abin da aka turo musu a kan Amurka ba tauna. A zauren Alhaji har an rantsar da shugaba na gaba.

Ban ga alamar Habibu ya koya wa kowa tarihin zaɓe ba. Zaurensa ya yi shiru, wasu na ce masa maƙabarta. Amma makon jiya wani mai gadin filin wasa ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki, ana neman wanda zai zauna da shi a asibiti. Alhaji Tanimu, da cikakken zaurensa a hannu, ni ya kira: "Malam, sa mana a na Dakta. Can ne ake karantawa."