Rigar Fata da Na Ɗinka wa Injin Moto

Shekarun baya, lokacin ina da sauran ƙarfi da ragowar rashin ji, na yi wata wauta da har yau ban manta da ita ba. Ku yi haƙuri da rubutuna, bokona aji uku ne, shi ma rabinsa a bayan makaranta na yi shi.

Ni baduku ne a nan unguwar Birikiteri, cikin Yawunde. Jaka, takalmi, kuben wuƙa, abin da na gada ke nan. A lokacin ina da wani ɗan moto na Sin, wato babur, mai haƙuri amma ba ƙarfi. Wanda ya san Yawunde ya san garin nan ba ya da fili, daga hawa sai gangara. Duk tudun da muka fuskanta sai moton ya kama nishi kamar mai ciwon ƙirji. Wata rana wani mai moto ya wuce ni a kan tudu, ya waiwayo yana dariya ya ce, “Papa, sauka ka goya shi mana.” Ina da furfura a gemu, amma maganar nan ta hana ni cin abinci da daɗi.

Washegari na tura shi garejin abokina a Elig-Edzoa. Tare muka taso, shi ya bi ƙarfe ni na bi fata. Na ce ina so ya sa wa moton nan zuciya. Ya faɗaɗa silinda, ya sa fiston babba, ya canza salansa zuwa mai buɗaɗɗen baki. Da ya tayar da shi, garejin ya ɗauki ƙara, na ji kamar an mayar mini da shekara ashirin.

Kafin ya ba ni makulli ya zaunar da ni a kan benci. Ya ce aikin bai ƙare ba. Injin ya girma, amma jiglar, wato ɗan bututun da ke shayar da shi esans, fetur ke nan, har yanzu ƙarami ne, kuma injin da ba ya samun isasshen mai zafi yake yi fiye da kima. Ya ce in dawo bayan sati ya sa babba. Kafin nan kada in yi gudu, kada in ɗauki kaya, kada in tsaya da shi a kunne cikin cunkoso. Sai ya shafa haƙarƙarin ƙarfen nan da ke jikin injin ya ce, “Ka ga waɗannan? Ta nan yake shan iska. Ba ya da wani ruwa sai ita.” Na yi ta gyaɗa kai. Wallahi ƙarar salansa kawai nake saurare.

Ban koma ba. Moton yana cin tudu kamar wasa, me zan koma yi? Abu ɗaya ya dame ni, zafin da ke bugun ƙwaurina, har ya babbake mini gefen wata sabuwar riga. Mai hankali zai koma gareji. Ni kuwa na shiga shago na zaɓi jar fatar akuya mai kyau, na yi mata shafi da soso a ciki, na yi mata ado da kore da rawaya, na ɗinka wa injin riga. Na ɗaure ta tsaf hagu da dama, ta rufe haƙarƙarin nan duka, har da tiyon esans da makunninsa. Zafi ya daina taɓa ni. Mutanen layinmu suka yi ta yabawa, har biyu suka ce in yi musu irinta, na kuwa yi. Ina tafiya ina jin na gano abin da ya gagari Sinawa.

Ana nan sai ƙanwar mahaifiyata da ke Messa ta kwanta rashin lafiya. Mahaifiyata ta haura saba'in, gwiwoyinta sun ƙi, sai an ɗaga ta an zaunar. Ba ta taɓa hawa moto ba, tsoronsa take ji. Ta ce in nemo mata tasi ta je dubiya. Ni da nake neman wanda zan nuna wa moto, na yi ta lallashinta cewa tasi zai kwana a cunkoson kasuwar Mokolo, mu kuwa za mu ratsa. Da ƙyar ta yarda, da sharaɗin a ɗaure ta a jikina. Maƙwabta suka ɗora ta, ta zagayo da mayafinta ta bayanta, ta miƙo mini bakinsa biyu. Na ƙulle su a cikina da ƙullin dukawa, irin wanda ja ke ƙara masa ƙarfi. Ta ce, “To, na goya ka, yau kai ma ka goya ni.” Aka yi dariya. Saboda na sa babbar riga, wuƙar da ba na rabuwa da ita na bar ta a shago.

Rana ta take, wajen ƙarfe ɗaya. Muna kusa da kasuwa muka faɗa cunkoso a tsakiyar wani tudu, irin wanda ko moto ba ya samun kafar ratsawa. Tasi a gabana, babbar mota cike da buhuna a bayana. Na sa moton a firi, na riƙe birkin hannu, ƙafafuna biyu a ƙasa. Injin yana ta aiki a tsaye cikin rigarsa.

Na fara jin wani ƙas-ƙas a ƙarƙashina, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Sai mahaifiyata ta tambaya wa ke babbakar kan rago da tsakar rana haka. Na duba ƙasa. Hayaƙi ne ke fitowa ta ɗinkin rigar, siriri, fari. Na ce mata masu soya ne, wato masu gashin nama, a gefen hanya. Ina rufe baki injin ya yi wata shaƙa ya mutu, sai warin esans ya taso.

Jama'a, na sha ganin tsoro, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Ta ƙasan fatar na hango harshen wuta, ƙarami kamar na ashana, yana lasar soson da na sa da hannuna. Tanki yana tsakanin cinyoyina, cike, don da safen nan na sha mai. Makunnin esans yana cikin rigar, na ɗinke shi. In na saki birki, mu koma da baya ƙarƙashin babbar mota. In na ɗaga ƙafa ɗaya don in sa giya, nauyinmu ya kayar da mu a kan wutar. Hannun hagu kaɗai gare ni, na kai shi kan ƙullin, ina ja yana ƙara kamewa. Ƙullina ne, na san ba zai kwance ba. Ina jin numfashinta a bayan wuyana, da ƙasusuwan hannunta a haƙarƙarina. Abin da ke yawo a kaina ɗaya ne: tsohuwar nan tasi ta ce.

Ita kuwa ba ta motsa ba. Salati kawai take yi a hankali, kamar tana kan tabarmarta.

Allah ya kawo wata mata mai sayar da abarba a bakin hanya. Ba Bahaushiya ba ce. Ita ta fara ganin wutar, ta taho da gudu da wuƙar fere a hannu, ta ce mini da Faransanci kada in motsa. Ta zura wuƙar tsakanina da mahaifiyata ta yanke mayafin. Wasu maza biyu suka sure tsohuwa kamar jaririya suka yi gefe da ita. Sai a nan na saki moton ya faɗi, na yi tsalle, babbar riga ta harɗe ni na kife a kwata. Matar ta jiƙa buhu ta danne wutar. Wani kuma don taimako ya sheƙa wa injin bokitin ruwan sanyi, muka ji tas, ƙarfen ya tsage.

Na rarrafa wajen mahaifiyata. Silifas ɗinta na dama ya narke a gefe, idon sawunta ya tashi fari. Tun yaushe ƙafar ke ƙuna, ban sani ba. Aka tare mana tasi, muka fara biyawa asibiti aka wanke ciwon. A hanya na kasa haɗa ido da ita. Da ƙyar na ce, “Inna, me ya sa ba ki yi magana ba?”

Ta ce, “Na san ba masu soya ba ne. Shekara nawa ina shaƙar warin fata a gidan ubanka? Amma na ga hannunka yana rawa a kan birki. Na ce in na yi ihu, yaron nan zai saki.”

Yaron nan. Ina da jikoki a lokacin.

Kafin magariba na bi gidajen mutum biyun nan da wuƙa, na farke rigunan da na yi musu. Ɗaya har ya so mu yi faɗa, sai da na nuna masa ƙonannen gefen wandona. Abokina kuwa da aka kai masa gawar moton, ya kwance buji, wato fulogi, ya nuna mini bakinsa fari fat kamar alli. Ya ce bakin buji mai lafiya ruwan ƙasa yake. Ya ce na ƙara wa injin wuta, na hana shi sha, sannan na lulluɓe shi da bargo. Bai zage ni ba. Ya dai tambayi ƙafar Inna, wannan ya fi mini zagi ciwo.

Ku masu ƙara wa moto ƙarfi, ba zan hana ku ba, na san daɗin abin. Amma duk ƙarfin da aka ƙara, zafi aka ƙara, kuma dole a bar masa hanyar fita. Ku ƙarasa aikin, ku duba buji, ku kashe shi in cunkoso ya yi tsawo, ku bar haƙarƙarinsa tsirara ko da ya yi muni.

Mahaifiyata ta yi shekara shida bayan nan kafin Allah ya karɓi abarsa. Tabon bai ɓace ba, kuma duk wanda ya tambaya sai ta ce murhu ne. Guntun mayafin yana cikin akwatina har yau, da ƙullin a jikinsa. Na sha ɗauko shi in gwada kwancewa da hannu ɗaya. Bai taɓa kwancewa ba.