Leƙen gobe a tsohuwar kasuwa

Ɗiyata ta fari ba ni na goye ta ba. Ana yaye ta uwata ta ɗauke ta zuwa Bengu, kamar yadda ake yi, ni kuma na riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata, har yau da take da ɗiya uku da furfura a gaban goshi. Ba uzuri nake biɗa ba, don a gane abin da ya biyo baya na faɗa.

Mijinta direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ya rasu a hanyar Doso. Da ta fita takaba ta dawo gidana nan Gaya da yaranta da ƙaton firigon da ya saya mata, irin na kwance da ake buɗewa ta sama. Tana aikin rubutu a biron wani mai fitar da kaya a duwan, wato kwastan. Da aka rufe gadar iyaka aiki ya mutu, mai biron ya sallame su, ya bar mata tsohon odinatar, wato kwamfuta, da take aiki da shi. Daga nan firigon ne ke ci da gidan. Ƙanƙara, zoɓo, lemun tsamiya, a ƙulla a leda a sayar a bakin ƙofa. In wutar kuran ta zauna miyarmu da nama, in ta tafi sai kuka zalla.

Da odinatar ɗin ta fara koyon wata sana'a. Wai akwai kasuwar da ake canjin kuɗin ƙasashe, dalar Amurka da yuro da su wane. Na ce canji dai, wa zai gaya mini canji? Shekara arba'in na yi ina saye da sayar da shinkafa tsakanin naira da sefa. Ta ce akwai kuma wadda ake cinikin alkama da man fetur da zinariya tun ba su iso ba, a yanka farashi yau, kaya sai nan da wata uku. Na ce wannan ma mun sani, sayen shinkafa ne tana gona.

Ba ta sa kuɗi ba tukuna, gwaji take yi. Ana ɗauko farashin shekarun da suka wuce a jera a fuskar odinatar, ƴan sanduna ja da kore, kowace sanda yini guda. Kore kaya sun hau, ja sun faɗi. Gefen dama fari fat, babu komai, can ne gobe take ɓoye. Sai ta duba abin da ya wuce, ta saya ko ta sayar da kuɗin ƙarya, sannan ta danna wani maɓalli mai kibiya, gobe ta fito, ta ga ko ta ci ko an ci ta. Kasuwa ce da ta watse tun tuni, ake maimaita ta don mai koyo.

Na ce, "Ke, wannan ai tuwon ƙasa ne, wasan yara."

Ta ce, "Inna, bar ni in ƙone tuwon ƙasa sau ɗari kafin in taɓa na gaske. Sharaɗi guda ne, ba a leƙa gaba. Wanda ya leƙa bai koyi komai ba."

Da kunnena na ji wannan.

Ni ban yi lakwal ba, ba a sa ni boko ba. Sai da gwiwa ta raba ni da kasuwa na shiga karatun manya, da tabarau da komai. Lambobi suka fi zauna mini. To bayan azahar in ta shimfiɗa tabarma a rumfa ta ɗora odinatar a kan kujerar tsugunno, sai in matso ina karanta lambobin da ƙarfi don ta ji na iya. Ba ta kore ni ba. Har matsa mini take yi. Ina jin tun tana jaririya kafaɗata ba ta taɓa tata ba sai a tabarmar nan.

Ran nan tana kan alkama aka yi sallama, masu sayen ƙanƙara ne na gidan suna. Ta tashi ta bar abin a buɗe.

A sana'armu ba a sayen buhu sai an zura hannu har gwiwar hannu an ga abin da ke ƙasa. Kuma kafin in sayi ko tiya ɗaya a Gaya, sai na tare direbobin da suka fito Kamba ko Malanbil, in miƙa goro, in ji nawa aka tashi can. Wadda ta riga jin farashi ita ce gwana, ba wanda ya taɓa ce mata ɓarauniya. To ga farashin gobe a bayan maɓalli, ko goro ba sai na bayar ba. Na karanta kwanan watan da ke ƙasa na riƙe a kaina, na danna kibiyar sau goma. Ja, ja, ja, alkama ta zube. Na danna ta baya har lambar ta koma inda take.

Ta dawo tana goge hannu da gefen zane. Ta ce, "Saye zan yi."

Na ce, "Kar ki saya. Faɗuwa za ta yi."

Ta yi dariya. "Lalle Inna ta zama malama."

Ta saya, ta danna, ta danna, jajayen nan suka yi ta fitowa. Wallahi na buɗe baki zan ce ai na leƙa. Sai ta juyo ta dube ni, wani irin kallo da ban taɓa samu daga wajenta ba. Ta ce, "Inna, ya aka yi kika sani?"

Na ce, "Kina tsammani barci nake yi a kasuwa?"

Na farko zan iya cewa hannu ne ya saba. Na biyu da sauran ba ni da abin cewa. Na haddace lokutanta. La'asar za ta tashi alwala, masu ƙanƙara za su kira ta. In ba a kira ta ba ni nake tashin ta, in ce miya na kamu, in ce ɗebo mini ruwa a randa ba na buta ba. Har na riƙa faɗin kuskure da gangan jefi-jefi don kar ta zarge ni. Wannan wayon ba wanda ya koya mini shi, a cikina yake.

Abin da ya fi muni, ita mai son sanin dalili ce. In na ce saya sai ta ce don mi. Dole in samo magana. In ce, "Ba ki ga jelar sandar nan ta yi tsawo ba? Masu sayarwa sun gaji." Gobe in ce, "Kore uku a jere, na huɗu ƙarya ne, haka kasuwar Talata ma take." Duk a tsaye nake ƙera su. Ita kuwa ta sayi sabon kaye, littafin rubutu, ta rubuta "Maganar Inna" da jan bik a bangonsa, tana zuba su ciki da rubutunta mai kyau. In ta gwada su ita kaɗai sai rabi ya ci rabi ya faɗi. Sai ta ce, "Ban kama ba tukuna. Idonki daban ne."

Ina jin daɗi. In ba a faɗi wannan ba labarin bai cika ba. Ta fara ajiye mini ƙanƙara a kofi kafin in tambaya. Ta fara tambayata labarin kasuwar da, yadda muke ƙetare kogi da buhuna. Har ta gaya wa maƙwabta uwarta ta fi masu digiri.

Wata huɗu muna haka. Sai wata rana ta ce ta yanke shawara, za ta sai da firigon tun zafi bai shigo ba, lokacin da ake nemansa, ta shiga kasuwar gaske da kuɗin. Ta ce, "Ke ki duba, ni in danna. Mu biyu, Inna."

Na ce ta bari sai bayan salla. Na ce zafi ne lokacin ƙanƙara, wa ke sai da firigo yanzu? Har na ce na yi mummunan mafarki, ban kuwa yi ba. Sai ta buɗe mini inda take rubuta sakamakon gwajinmu, ta ce, "Duba da kanki, ai yanzu kina karatu." Na duba. Shafi bayan shafi, ci ne. Kalma uku kaɗai ake bukata, in ce leƙe nake yi. Kwana goma suna bakina ina haɗiye su da tuwo.

Mai sayen wata ƴar Dendi ce mai sana'ar kifi a bakin kogi. Da hantsi ta zo da amalanke da maza biyu. Ta gaishe ni da fofo, gaisuwarsu ta Dendi, ta durƙusa, ta ce, "To ga Hajiya, ita ce shaida." A gabana aka yi cinikin. Da aka kai ƙarshe ɗiyata ta waiwayo ta dube ni. Na ɗaga kai. Ta ce, "Na sallama." Aka kwashe sauran zoɓon a roba, aka cicciɓi firigon aka fita da shi.

Bayan azahar ta shimfiɗa tabarma. Ta ce ba ta aika kuɗin ba tukuna, so take mu fara kallon kasuwar yau, ta gaske, mu saba da ita. Ta buɗe ta canjin dala. Sandunan dai su ne, sai dai ta ƙarshe tana motsi da kanta, ta hau ta sauka kamar ƙirjin mai barci.

"Bismilla, Inna. Mi kika gani?"

Ban ga komai ba. Ja da kore ne kawai, kamar atamfa. Na ce ta ɗebo mini ruwa. Ta ce ga kofi nan kusa da ƙafata. Na ce kamar ana sallama. Ta ce wa zai yi sallama, ba ƙanƙara. Ban san sa'ad da yatsana ya tafi ba, na danna kibiyar, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ba abin da ya fito.

Ta yi dariya. "Wannan ba ta da gaba, Inna, yau ce."

Sai dariyar ta tsaya. Ta dubi yatsana, yana kan maɓallin har lokacin.

"Wa ya nuna miki wannan?"

Na janye yatsana.

"Tun yaushe?"

"Tun alkama."

"Duka?"

"Duka. Waɗanda na kuskure ma da gangan ne."

"Jelar sanda fa? Kore uku a jere?"

"Ni na ƙera su."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta rufe odinatar a hankali. Ta ce, "Wata huɗu na ɗauka ina koyo. Shekarun nan ma kin ɓata mini su, na riga na ga ƙarshensu, ba zan iya gwaji da su ba." Ta naɗe wayar wuta a hannunta. Sannan ta ce, "Inna, da kin ce ba ki sani ba, ai da ban tashe ki daga tabarmar ba."

Na yafa mayafi na hau kabu-kabu da gwiwoyin nan nawa, sai bakin kogi. Na tarar an riga an jona firigon, an cika shi da tarwaɗa da giwan ruwa. Na ce wa mai sayen kuskure aka yi, a mayar mata da kuɗinta har da na amalanke.

Ta ce, "Haba Hajiya. Ke ce fa shaida. A gabanki aka ce an sallama. Ke kin taɓa warware ciniki?"

Ban taɓa ba, kuma duk Gaya an sani. Da bakina na sha korar mata a kan haka. Masu kifi suka taru suna kallo. Na durƙusa mata, yarinyar da na girmi uwarta. Ta ɗaga ni da sauri tana salati, ta ce ita ma kifin na mutane ne, in ta fitar da shi yanzu ya ruɓe. Ta ƙulla mini tarwaɗa biyu a leda, ta tsayar mini da kabu-kabu. Da kifi na dawo gida.

Kuɗin ba su shiga kasuwar ba, wannan kaɗai ya tsira. Da aka je sayen wani firigon zafi ya riga ya shigo, sun yi tsada. Ƙarami ta samu, na tsaye, tsoho, abin da yake daskarwa a yini bai kai kwata na wancan ba. Azumi ya zo ya wuce, masu sayenmu suka koma wani gida. Ɗiyarta ta tsakiya aka cire ta daga lakwal ta kuɗi. Gwajin kuwa ba ta bari ba, ta koma wasu shekarun daban tana yi a ɗakinta.

Bayan salla wan mijinta ya zo daga Yelu. Ya ji labari. Ya zauna a rumfa yana faɗa, abu ɗaya da marigayi ya bar wa marayu ta je ta sayar don wasan bature. Ya ce mace mai karatu ta yi abin da jahila ba za ta yi ba. Ya juyo wajena ya ce, "Inna, ke ma da kin hana ta. Ko ba ta shawarce ki ba?"

Kafin in buɗe baki ta ce, "Inna ta hana ni, Yaya. Har sau uku. Ni ce ban ji ba."

Ya ce, "To kin gani. Babba ya faɗa miki kin ƙi." Ya ƙara sa mini albarka, ya ce Allah ya bar mana irinmu.

Ina zaune da mafici a hannu. Na ce amin.

Da ya tafi ta zubo mini tuwo ta ajiye a gabana, ta ce, "Inna, ki ci tun da zafi." Ta koma ɗaki. Na jawo kwanon na ci, har na cinye.