Jirgin Ruwan da Ya Jira Kakana

Kakana Alhaji bai taɓa yarda cewa akwai abin hawan da zai tashi ya bar shi ba. Shekara da shekaru in zai tafi Funtuwa, jakarsa yake aikawa tashar Sheme a ɗora a kujerar gaba, shi kuma ya zauna ya karya kumallo, ya duba shanu, ya gaisa da rabin gari. Fasinjoji su dahu a cikin mota, direba ya jira.

Sai kawuna da ke aikin asibiti a Saudiyya ya biya masa yawon mako guda a jirgin ruwa, irin mai ɗakunan kwana, wanda zai tashi daga Jidda ranar Asabar. Ni aka ɗora wa sayen tikitin jirgin sama daga Kano, saboda a gidanmu duk wanda ya iya latsa waya ya zama ma'aikacin filin jirgi. Kawu ya ja mini kunne: in Alhaji ya makara, jirgi ya tafi ke nan, kuma ni zan yi bayani.

Na tambayi Alhaji yaushe yake son sauka Jidda.

Ya ce, "Yaushe jirgin ruwan zai tashi?"

Na dube shi, na tuna fasinjojin Funtuwa. Na ce, "Alhamis."

"To, saya mini na Juma'a."

"Alhaji, ai ya tafi ke nan."

"Ke 'yar boko, jirgi mai hawa goma ne zai cika rana ɗaya? Ki ba direban lambata, in ya matsu ya kira."

Na ce to, zan kuma roƙe shi ya ajiye masa kujerar gaba, kusa da taga, kada ƙurar teku ta dame shi. Ya ce ashe na fara hankali.

Na sayi na Juma'a da yamma, na ce masa da hantsi ne. Ya isa Kano bayan azahar, yana taƙama.

Ranar Asabar ya kira ni daga saman jirgin ruwan, iska na kaɗa muryarsa.

"Ina mai cewa za a bar ni? Kwana biyu cur suka yi suna jirana. Ina shiga aka tashi."

Na ce lallai direban ɗan mutunci ne.

Yanzu duk Sheme ta san labarin. Baɗi kuma, in ji shi, da kansa zai sayi tikiti.