Yajin da Ban Yi Ba

'Yata ta zo duniya da jiki mai saurin nuna shaida. In ka riƙe ta da ɗan ƙarfi, gobe ka ga shatin yatsunka ya yi baƙi a fatarta. In ta yi tuntuɓe, kafaɗa ta goce. Mun gaji da zuwa wurin maɗori kafin wani likita a Sakkwato ya ce abin da ke ɗaure gaɓoɓi da fata a jikinta ne ya zo sako-sako tun halitta, kuma masu irin cutar ba su da yawa.

Baba bai yarda ba. Manomin albasa ne a Shagari, mutumin da sai ya gani da idonsa. Abin da yake gani kuwa shi ne sabon tabo a jikin jikarsa duk zuwan da muka yi. Ya yanke cewa maigidana dukanta yake yi, ni kuma ina rufa masa asiri. Ni kaɗai ya faɗa wa, amma in maigidan ya durƙusa gaishe shi, sai ya amsa yana kallon bango. Wannan ya ci mini rai ƙwarai, don na san wanda nake aure. Ko akuya ce ta shiga masa dawa, lallaɓa ta yake yi ta fita.

Akwai ƙungiyar iyayen yara masu wannan cuta da na shiga ta waya. Suka sa rana: kowa ya yi tattaki a garinsu, mutanensa su yi alkawarin abin da za su bayar in ya kai, a tara wa masu neman magani. Na ce daga Bodinga, inda muke zaune, zuwa Shagari zan taka. Malaman makarantar da nake koyarwa suka yi alkawari suna dariya, don sun tabbata a hanya zan zube. Ba su san ni ba. Yarinyar muka kai ta gidan Baba tun farkon mako, amma ban yi musu zancen tattakin ba, don na san zai hana.

Abu ɗaya ne ban hango ba. Matar aure da sassafe, da jaka a kafaɗa, ta miƙi hanyar garinsu a ƙasa, miji na biye da ita a hankali a kan babur yana miƙa mata ruwa. Duk wanda ya gan mu ya ga mai yaji da mai biko.

Wani direban bas ya taka birki ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri ki hau mishi, bawan Allah ya ba ni tausai." Can gaba wata tsohuwa mai fura ta tare ni.

"Ɗiyata, mi ya yi miki da zahi haka? Duk mun yi irin wagga tahiya, kuma mun koma."

Na tsaya na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta saurara, ta kunce bakin zane ta ba da abin da ya sawwaƙa, ta ce, "Allah shi ba ta lahiya. Amma dai ki koma."

Da farko haushi na ji. Daga baya na lura duk mai sulhun da ya tsayar da ni da labarin cutar yake tafiya, sai na daina gaggawar wuce su. Labarin yajin dai ya riga ni isa gidan Baba, a bas.

Bayan la'asar, ƙafafuna sun yi bororo, na hango Baba tsaye a bakin gari. Na ɗauka murna ce ta fito da shi, tunda a ganinsa na rabu da mugu.

"Juya ki koma ɗakinki," ya ce. "In maganata ce ta hiddo ki, na janye ta. Shekaranjiya yarinyar nan ta so hwaɗuwa a zaure, na riƙe hannunta. Ni da kaina, a hankali. Jiya na ga yatsuna a jikinta."

Ya wuce ni zuwa wurin maigidana, wanda ya riga ya sauka ya durƙusa. Ya miƙa masa hannu biyu, ya dube shi ido cikin ido.

"Malam, ka yahe mini."

Na ce, "Baba, ba yaji na yi ba," na gaya masa komai. Ya tambayi inda tattakin zai ƙare, na ce ƙofar gidansa. Ya ce, "To, mu tahi." Suka jera da surukinsa, surukin yana tura babur, suna hirar albasa, ni ina ɗingishi a baya, ba wanda ya tambayi ƙafafuna.

Da muka isa, yarinyar ta fito da gudu. Baba, da kullum shi ke fara ɗaga ta sama, ya ja da baya, ya mai da hannayensa baya. Ya ce wa maigidana, "Ɗauke ta kai, Malam. Ka hi ni iyawa."