Neman Kondensa Mai Ƙafafu Daidai, Daga Chinade Har Katagum

Alhamis: Chinade zuwa Azare

Ana sallame sallar asuba na saɓa jakata na fito, akwatin kiɗan da na haɗa yana naɗe cikin tsohon zanen matata. Ta rako ni har ƙofar gida da addu'a mai ratsa zuciya: "Allah Ya sa dai zanen ya dawo lafiya."

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni, kada ku ɗauka yawon buɗe ido na tafi da wannan zafin bazara. Sunana Salisu, haɗa sola ce sana'ata a Chinade. Ina da kawu, Kawu Buba, yayan mahaifiyata, makiyayi ne a rugar da ke bayan gari. Tun ina yaro da sarewa yake kiran shanunsa. In la'asar ta yi sanyi ya busa, sai ka ga sun ɗago kai daga fadama sun jero gida. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya karkata masa baki, ya kashe masa hannun hagu. Ya tashi, amma sarewa ta ƙi, in ya busa iska ce kawai ke fita ta gefe. Ya jure wata da watanni, rannan sai ya ce wa ɗansa Iro, "Tunda ba na iya kiransu, zaman me suke yi mini? Nemo dillali." Aka sa ranar Asabar da yamma dillali zai zo ya kora su. Ni kuwa na san Kawu. In shanun nan suka bar rugar, shi ma ba zai daɗe a cikinta ba, kuma tsoron haka ya kama ni ƙwarai.

Shi ne na samo tsari a Intanet, na haɗa akwati mai batir da sifika da abin murɗawa guda ɗaya, wanda hannu ɗaya zai iya sarrafawa ya fitar da siririyar murya irin ta sarewa. Ranar gwaji na kai shi ruga ina taƙama. Ina kunnawa Saye, tsohuwar saniyar da ke jan garken, ta tsinke igiya ta yi daji. Jakin maƙwabta kuwa ya amsa da murna, ya ji muryar ɗan'uwa. Kawu ya juya mini ƙeya.

Laifin na wani ɗan abu ne da masu gyara ke kira kondensa. Bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, ƙafafunsa biyu na waya, kuma iri biyu ne. Akwai mai kai da gindi kamar batir, ƙafa ɗaya doguwa ɗaya gajera, ta hanya ɗaya kawai yake yarda wuta ta bi shi. Akwai kuma wanda ba ruwansa, ƙafafunsa daidai, duk ta inda ka juya shi ya yi. Wutar sauti gaba da baya take yi, saboda haka na biyun take so. A Chinade kuwa na farkon kaɗai ake samu, shi na sa, shi ya ba mu jaki.

Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni ya dubi ƙunshin ya ce, "Injiniya, mene ne a zanen?"

Na ce, "Sarewa."

"Sarewa mai kusurwa huɗu? Allah Ya ƙara ilimi."

Duk ramin da ke hanyar sai da muka gaisa da shi, bai tsallake ko ɗaya ba. Muka shiga Azare rana na ɗagowa.

Azare: layin masu kayan lantarki

Na karya da koko da ƙosai a bakin tasha, na jira masu shaguna suka gama barcinsu na gado. Shagon farko na wani Alhaji ne mai fara'a. Ku da kuka san kasuwa kun san ɗan kasuwarmu ba ya cewa babu, a wurinsa abin kunya ne, kamar baƙo ya zo ka ce ba ruwan sha. Ban rufe baki ba ya ce, "Akwai!" Ya zazzage mini faranti guda, duka masu kai da gindi.

Na ce, "Alhaji, wanda ƙafafunsa suke daidai nake nema."

"Ai sai ka faɗa! Waɗannan suna ciki, ba kowa muke nuna wa ba."

Ya shige bayan labule. Ina tsaye ina jin ƙas, ƙas, ƙas. Ya fito da tafi guda, ƙafafu daidai tsaf, bakinsu yana ƙyalli sabon yanka. Kondensan ɗazu ne, an yi musu aski da filaya.

"Alhaji, ai ga farin layin da ke nuna gindin nan a jikinsu."

"Wannan adon kamfani ne."

"Ga guntayen ƙafafun nan a hannun rigarka."

Ya kaɗe rigar ba tare da ya kalla ba. "Kai ka ce ƙafafu daidai. Auna ka gani, in ka samu wanda ya fi wani ka ɗauka kyauta."

Na yi masa godiya, don gaskiya aikin ya fita, ko tela sai haka.

Na biyu mai gyaran fanka ne. Ya miƙo mini kondensan fanka, ya kusa gwangwanin kifi girma. Wannan kam ba kai ba gindi, mutumin bai yi ƙarya ba, sai dai in na sa shi muryar za ta yi ƙasa har sai mutum ya kwanta ya kasa kunne. Ya ce ai babba ya fi ƙarko. Na ce haka ne, Allah Ya kawo kasuwa.

A shago na uku na ɗauka wahalata ta ƙare. Wani dattijo mai gyaran talabijin ya ba ni 'yan faifai launin ƙasa masu kama da ƙwayar magani, na tangaran. Su ma ba kai ba gindi, girmansu kuma daidai da tsarin. Na ari ƙarfen dalmarsa na liƙa su nan take a inuwar shagon, fanka na kaɗawa. Murya ta fito siririya, har na fara tsara yadda zan amsa godiyar Kawu cikin ƙanƙan da kai. Bayan azahar na sake kunnawa a filin masallaci, akwatin ya sha rana. Muryar ta bar inda na ajiye ta, ta hau sama tana rawa kamar ta wanda zazzaɓi ya kama. Ashe irin waɗannan zafi na canja su. A rugar Kawu kuwa inuwa ɗaya ce, ta bishiyar aduwa, ita ma awaki sun riga kowa.

Na koma na gaya wa dattijon cewa koraye nake so, masu sheƙi kamar alewa, waɗanda ke cikin tsofaffin rediyo masu kaset, su zafi ba ya ɗaga musu hankali. Ya ce, "Ai 'yan gwangwan sun kwashe rediyon garin nan kaf. Sai dai Katagum, gidan marigayi Malam Audu mai rediyo, ɗaki guda ya bari. Amma matarsa ba ta sayarwa, kada ka ce ban faɗa maka ba."

Azare zuwa Katagum

A tasha direba ya rantse mutum ɗaya ya rage. Mutum ɗayan nan muka yi ta jira har la'asar, da ya zo kuma ashe su huɗu ne da buhun albasa. Aka ba ni kujerar gaba mu biyu, giya na shiga a gwiwata.

Mun wuce Gadau kaɗan muka tarar da shinge. Mai shingen ya leƙo, ya ga ƙunshi a cinyata, ya ce in buɗe. Ya ga wayoyi, ya ga batir. Kafin in yi bayani motar ta zama wayam. Bawan Allahn da ya yi barci a kafaɗata tun daga Azare ya rantse bai taɓa ganina ba.

Mai shingen ya koma bayan wata kuka, ya ɗaga murya: "Kunna mu gani!"

Na kunna. Akwatin ya sha zafin inji, ya saki wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba.

Ya fito yana toshe kunne. "Malam, da wannan ai gara bam ɗin. Kashe, ku tafi, Allah Ya ba ka lafiya."

Muka isa Katagum ana kiran magariba. Na tambayi gidan, aka nuna mini. Hajiya Dije, matar marigayin, ta sa aka share mini zaure, ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kifi, ba ta tambayi abin da ya kawo ni ba. Na ci har na ji kunya. Sauron garin su ma sun yi mini karamci daidai gwargwado.

Juma'a: ɗakin Malam Audu

Da hantsi muka gaisa, na faɗi buƙatata. Hajiya doguwa ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗauko mabuɗi ta buɗe wani ɗaki. Rediyo ne tun daga ƙasa har rufi, kowanne a goge, ba ƙura ko kaɗan. Na leƙa bayan wani da murfinsa ya ɓalle, na ga koraye sun yi layi suna sheƙi.

Na ce, "Hajiya, ko guda ɗaya a sayar mini."

Ta ce, "Ɗan nan, kayan mutane ne. Gyara aka kawo, Malam ya rasu bai gama ba. In mai shi ya zo fa?"

"Hajiya, yanzu wa ke jin kaset? Wasu masu su ma ai sun riga Malam tafiya."

"To magadansu fa?"

Nan na gyara zama na zama malami. Na ja fatawar da ban san inda na samo ta ba, na yi bayanin kayan da mai shi ya yi watsi da shi, har da ɗaga yatsa. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Allah Ya ƙara sani," ta mayar da ƙofa ta kulle.

Sai da na ɗauki jaka sannan ta ce, "Wai me za ka yi da shi ne, da ka taso tun daga Chinade?"

Na ajiye malanta, na gaya mata zancen Kawu da bakinsa da sarewarsa, da dillalin da zai zo gobe. Can ta shiga ɗakinta ta fito da wani rediyo lulluɓe da ɗankwali.

"Wannan nasa ne. Shi kaɗai na tabbata ba na kowa ba ne. Da shi nake jin labarai kullum da safe, a inda ya bar tashar. Ka cire abin da za ka cire, amma in ka rufe ya yi magana."

Ba wuta a unguwar, sai a garwashin murhunta na gasa ƙarfen dalmar Malam Audu. Ɓangaren kaset ya daɗe da mutuwa, daga can na ciro koraye, ban taɓa ɓangaren rediyo ba. Na haɗa sola a gidajen manya ban ji komai ba, amma ran nan kowace waya sai na duba ta sau biyu, ita kuwa tana zaune a kan tabarma ba ta ɗauke ido ba. Na rufe, na murɗa. Ya yi shuu, sannan wani ya fara karanta sanarwar ɗaurin aure. Hajiya ta karɓi abinta ta mayar da ɗankwalin. Na sa hannu a aljihu, ta yi mini wani kallo, na fitar da hannun.

Bayan an sauko daga Juma'a na ajiye akwatina a tsakar rana har ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Na kunna. Muryar tana nan inda na bar ta.

Asabar: komawa gida

Motar Juma'a ba ta cika ba, sai na sake kwana. Ta Asabar ta cika, sannan taya ta fashe a hanya, safayar kuma direba ya ce tana gida don kada a sace. Na sauka Azare bayan azahar, na haye acaɓa ko ruwa ban sha ba.

Na isa ruga da la'asar. Dillali ya riga ni, yana tsaye da igiyoyinsa yana hira da Iro. Shanu suna can fadama, Iro na shirin zuwa ya koro su. Kawu yana zaune a kan buzu, ya ba fadamar baya.

Na durƙusa na ɗora masa akwatin a cinya. "Kawu, sau ɗaya."

"Jakin ne kuma?"

"An canja masa ciki."

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya kama abin murɗawar da hannun dama. Da farko shirme ya fito, dillali har ya yi dariya. Kawu ya koma baya, ya murɗa a hankali, ya hau, ya tsaya, ya ɗan sauko, ya sake hawa. Sai na ji ta, waƙar da na taso da ita. Ya maimaita.

Can cikin fadama Saye ta ɗago kai. Ta tsaya kamar tana tunanin ko za ta sake yarda da mu. Sai ta tako, sauran suka biyo ta a jere. Ta zo har gaban buzun, ta sunsuni akwatin, ta lashi hannun Kawu na hagu, wanda ya mutu. Ni dai na juya ina gyara zanen matata, don ba na son dillali ya ga idona.

Kawu ya ce, "Wannan ba sarewa ba ce. Muryar ba daɗi."

Na ce, "Haka ne, Kawu."

Kawu ya juya ya ce, "Iro, a dama wa dillali fura, ya kama hanya tun da rana, shanu ba inda za su."

Na shiga gida da magariba, aka karɓi zane aka duba shi ciki da bai kafin a ce mini sannu da zuwa. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Na gode wa Alhaji mai filaya, Allah Ya bar hannu. Hajiya Dije kuwa ba ni da bakin gode mata, Allah Ya jiƙan Malam Audu, Ya sa rediyonsa ya ci gaba da magana. Kawu har yau bai ce ya gode ba, kuma bai fasa cewa muryar ba daɗi ba. Kullum dai kafin la'asar sai ya aiko Iro ya tambaye ni ko batirin ya cika.