Matar da Ta Karanci Damina a Jikin Kwal

Haihuwa da Karatu

An haife ta a shekarar 1951 a wani garin mahaƙa kwal, mahaifinta mahaƙi, mahaifiyarta mai ɗinki. Tun tana ƙarama mahaifin yakan zo mata da gutsuren kwal mai shatin ganye, ita kuwa ta zauna a bakin ƙofa ta yi ta kallo har tuwonta ya huce. Da wannan ɗabi'a ta kai jami'a, ta karanci ilimin duwatsu.

Aiki

Daga 1976 ta zauna a wani ɗakin bincike mai taga guda, tana tsaga kwal a hankali. A cikinsa takan hango duniyar da ba a yi mutum ba tukuna: dausayi mai ɗumi, ruwa ba ƙaƙƙautawa, itatuwa na faɗuwa cikin laka suna binnuwa. Inda shimfiɗar kwal ta yanke kuwa, takan ce nan fari ya sauka.

Aure

Ta auri wani malamin makaranta a 1979, haihuwa ta ƙi zuwa, abin ya yi ta cinta a rai. Likita ta bayyana mata cewa kowane wata wani sinadari na jiki yakan hau ya shimfiɗa mahaifa, wani ya riƙe shimfiɗar, in babu ciki su sauka, jini ya zo. Nata mai riƙewar ne ba ya ƙarko. Sai ta riƙa ɗaukar watanninta tamkar daminar da ke tafiya ba amfanin gona.

A 1993 al'ada ta ɗauke mata. Masaniyar fari ba ta nemi likita ba, ta yanke wa kanta hukunci, ta ce wa mijin, "Malam, dausayin ya ƙafe, mu haƙura." Har ta rabar da kayan jariran da ta daɗe tana ɓoyo. Sai da zani ya daina zagaye ta, ungozoma maƙwabciyarta ta taɓa cikinta, ta yi dariya: "Yaya, wannan farin naki ai motsi yake yi."

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a 2019 bayan gajeriyar jinya, aka yi mata sutura a makabartar da ke bayan tsohuwar mahaƙa. Ta bar mijinta, da jikoki uku, da 'ya guda, ita ce 'yar fari, ita ce auta.