Ranar da Ƙarfe-Huɗu ta kori gwaggonta

Watanta guda da dawowa daga ƙasar waje, maƙwabciyarmu ta kori gwaggonta daga ƙofar gida. Ba da gangan ba ne, shekara goma sha bakwai ba ta sa ta a ido ba, tsohuwar kuma ta motse, haƙora sun yi ƙaura. Da hantsi Gwaggo ta ƙwanƙwasa, ta ce ta zo duba mara lafiya. Mutuniyar ta leƙo, ta yi mata irin murmushin nan da ta koyo a can, wanda ba ya wuce leɓe, ta nuna takardar da ta manna a jikin ƙofa: Mama tana hutawa, a dawo ƙarfe huɗu. Da ta tsaya nan da sauƙi, sai ta ƙara da cewa, "Iya, daga wane gida?"

"Daga gidan da aka haifi ubanki," in ji Gwaggo, ta juya.

Haka maƙwabciyar tamu ta bi ta a guje ba ko takalmi, har Gwaggo ta shige tasi. Telan da ke kallon gidan ya ga komai, shi kuwa bakinsa ya fi kekensa gudu. Kafin rana ta faɗi sunanta na yanka ya ɓata a layin, kowa sai Ƙarfe-Huɗu.

Mu da duk mun ɗauka likita ce, saboda farar rigar da muke gani a hoto. Ashe aikinta a can kula da tsofaffi ne, a wani gida da ake tara su. Abin da ya dawo da ita kuwa ɓarin jikin mahaifiyarta ne ya shanye. Ranar da ta iso, ta ɗaga zanin Mama ta tarar da gyambo a gadon baya kamar tafin hannu, saboda kwanciya gefe ɗaya. Ta sayo filo shida, ta kafa doka: duk bayan awa biyu a juya Mama, a sa filo tsakanin gwiwoyi, a rubuta lokacin a takardar da ke saman gado. Ba a ba ta ko ruwa a kwance.

Matsalar ita ce 'yan dubiya. Mutum goma a ɗaki ɗaya, uku a bakin gado, kowa sai ya tashe ta ya tambaye ta ko ta gane shi. Wata rana wata ta ɗura mata shayi tana kwance, ta sarƙe har idanu suka fito. Washegari takarda ta hau ƙofa. Muka yi ta tsokanarta, in ta wuce mu duba agogo mu ce saura minti nawa a gaishe ta. Ba ta dariya. Amma gyambon ya fara haɗewa, wannan ko maƙiyinta ya shaida.

Ranar da aka kore ta, Gwaggo ba gida ta nufa ba, shagon yayan Ƙarfe-Huɗu ta wuce, babban ɗan gidan, mai sayar da tayoyi. Da yamma saƙo ya iso: ranar Asabar zai zo ya ɗauke Mama ya kai ta gidansa, inda ba a korar dangi.

Kwana uku Ƙarfe-Huɗu ba ta ci abin kirki ba. Ta san gidan Yaya: hawa na biyu ne, matarsa tana fita aiki tun safe, yara suna makaranta. Wa zai juya Mama? Sati guda ya isa gyambon ya koma ɗanye. Ta kira shi, bai ɗauka ba. Ta je ba Gwaggo haƙuri, aka bar ta tsaye a baranda, can jika ta fito ta ce Gwaggo tana hutawa, a dawo ƙarfe huɗu.

Asabar da safe mota ta tsaya. Yaya ya fito, Gwaggo a bayansa, sai ƙannensa maza biyu. Ya fizge takardar ƙofa ya cukuikuye, suka shige ɗaki. Mama tana kwance ta gefen dama, idonta yana bin kowa, baki ba ya iya magana.

Ƙarfe-Huɗu ta durƙusa, abin da muka ɗauka gwiwarta ta manta. Ta roƙi sati biyu kawai, gyambon ya rufe. Ta ce ta janye takarda, kowa ya zo lokacin da ya so, in dai za a bar Mama ta yi barci. Yaya ya ce uwar ba tata ba ce ita kaɗai, su da suka zauna da ita shekara da shekaru ba za a zo daga sama a koya musu ba. Ya ce wa samarin su ɗauke ta.

Suka kama ta ta hammata. Mama ta yi wani nishi, fuskarta ta murɗe. A daidai nan wari ya tashi; tsohuwa ta ɓata jikinta. Samarin suka sake ta a hankali, ɗaya ya tuna ya bar wayarsa a mota, ɗayan ya tafi taya shi nema. Gwaggo ta ja mayafi kan hanci ta koma bakin ƙofa. Ƙarfe-Huɗu ta miƙe ta lulluɓe uwarta, ta shafa mata goshi.

Yaya ya matsa jikin taga, hankici a baki. "To, yi aikinki mana mu tafi. Ba shi kika je yi ba shekara goma sha bakwai, kwasar kashin tsofaffin wasu?"

Ta fita, ta dawo da roba da ruwan ɗumi, da tawul da sabulu da safar hannu, ta jera su a gaban takalminsa mai sheƙi.

"Na wasu na kwasa, Yaya. Wannan tsohuwar taka ce. Sau biyar ake yi a yini. Ka yi na farkon a gabana, ni da kaina zan kai maka ita mota."